Yadda zaka ɗauki bidiyon farautar ɓauna da gwanki da ƙaramar kamarar ɗaurawa a jiki

Abu na farko da nake so ka saka a ranka tun kafin ka kashe kuɗinka shine ita wannan ƙaramar kamarar, GoPro ce ko DJI Osmo Action ko Insta360, an yi ta ne don ganin abin da ke kusa. Idonta faɗi gareshi, yana kwaso gabas da yamma lokaci ɗaya, amma ɓaunan da kai kake gani ƙato a mita 70 idan ka dawo ka kunna bidiyon zaka ganshi ɗan baƙin ɗigo ne a tsakiyar ciyawa, wani sa'in ma sai ka nuna wa mutum da yatsa kafin ya gane akwai dabba a wurin. Mutane da yawa suna sayenta da tunanin zasu samu irin hoton da suke gani a tashoshin namun daji, alhali waɗancan da manyan kamarori masu dogon gilashi ake ɗaukarsu, mutum ya zauna wuri ɗaya sati da sati. Toh idan ka gane wannan tun farko ba zaka ji haushi ba, kuma zaka san inda zaka nuna ta.

Zan yi maganar ne a kan irin farautar da ake yi a arewacin Kamaru, yankin Garwa, domin can ana farautar manyan namun daji da izinin hukuma. Akwai manyan gandun daji guda 3 a jihar, na Binuwai da Faro da Buba Njida, cikinsu ba'a taɓa dabba ko kaɗan, amma a kewayensu akwai yankunan da gwamnati ta ware ta bada haya, ma'aikatar gandun daji da namun daji ce ke bada lasisi tana kuma ƙayyade adadin abin da za'a harba. Da rani ake yi, bayan an ƙona ciyawa daji ya buɗe, ana bin ɓauna da gwanki da kanki da gwambaza da sauransu, kuma a ƙafa ake bi, jagoran farauta mai lasisi da masu bin sawu na gaba kai kana baya. Duk abin da zan faɗa anan da sharaɗin kana da takardunka ne. Wanda ya shiga daji babu izini ya kuma ɗauki kansa a bidiyo, shaida ce ya haɗa wa hukuma a kansa, kuma ni bana goyon bayan hakan ko kaɗan, namun dajinmu sun riga sun yi ƙaranci.

Sai maganar inda zaka ɗaura ta, kuma anan zan ɗan daɗe don nan ne aka fi ɓata aiki. Yawancin mutane ɗamarar ƙirji suke fara saya saboda ita ce bata girgiza sosai idan kana tafiya, gaskiya kuwa hoton tafiya yana yin kyau da ita. Matsalar sai lokacin da ka ɗaga bindiga, hannayenka biyu da gindin bindigar su rufe idon kamarar gaba ɗaya, daidai sakan ɗin da kafi buƙata sai ka samu hoton gwiwar hannunka kawai. Ga kuma madubin hangen nesa da ke rataye a wuyanka yana ta bugunta ƙwas ƙwas duk taku, sautin nan duk yana shiga. Ɗaurin kai yafi, ko na goshi ko ɗan maƙalin da ake saƙalawa a bakin hula, saboda duk inda ka kalla nan take kallo. Saidai shima da sharaɗi, idan ka kwantar da kumatunka a kan bindiga kanka yana karkacewa ya kuma sunkuya, sai kamarar ta koma kallon ƙasa ko bakin bindiga. Maganinsa tun a sansani ka cire harsashi ka tabbatar babu komai ciki, ka ɗaura kamarar, ka haɗa ta da wayarka don ganin abin da take gani, ka ɗaga bindigar ka saita wata bishiya kamar gaske, wani ya riƙe wayar yana gaya maka ɗaga sama kaɗan, ɗan ƙara, yawwa, har sai bishiyar ta zo tsakiya, sannan ka ɗaure kusoshin tamau ka yi alama da alƙalamin maka a jikin maɗaurin don gobe ba sai ka sake lalube ba. Zaka lura saitin da yayi daidai lokacin harbi yana ɗan kallon sama idan kana tafiya a miƙe, ba komai, faɗin idonta zai rufe wannan.

Idan baka iya jure nauyi a goshi cikin zafi, akwai maƙalin da ake sawa a igiyar jakar baya wajen kafaɗa. Ka sa shi a kafaɗar da baka dafa bindiga da ita, mai harbi da dama ya sa a hagu, bahago ya sa a dama.

A jikin bindiga kuwa ni bana bada shawara. Bindigar da ake bin ɓauna da ita irin .375 ce zuwa sama, tokarinta ba wasa bane, yana iya kwance maɗaurin ko ya girgiza memori bidiyon ya lalace, kuma duk abin da ka ɗaura a kan bututun yana iya canza inda harsashi ke sauka. Akwai kamarorin da aka ƙera musamman don haka kamar Tactacam da ShotKam, idan lallai sai ka yi toh ka nemi irinsu, kuma ka je ka gwada harbi a allo da ita a ɗaure kafin ka tunkari dabba mai rai. Akwai kuma wani abu mai hatsari da kamarar kan bindiga ke jawowa, sai mutum ya fara nuna bindiga duk inda yake son ɗauka, har inda mutane suke. Bakin bindiga ba'a nuna shi ga ɗan adam ko da babu harsashi.

Ni a ganina hoton da yafi kowanne kyau ba daga jikin mai harbi yake fitowa ba. Ka samu kamara ta biyu ko da tsohuwa ce ka ɗaura wa wanda ke tafiya a bayanka, shi zai kama ka da jagora da masu bin sawu da dabbar duk a hoto ɗaya, mai kallo ya ga tazarar da ke tsakani ya ga yadda kowa ya tsaya cak. Wanda ke ɗauke da ruwa galibi shi yafi dacewa, amma ka tambaye shi tukuna, ka kuma ƙara masa wani abu a kan sallamarsa don aiki ka ƙara masa.

Yanzu saiti. Kafin komai ka shiga ka kashe ƙarar ƙit ƙit ɗin da take yi idan an kunna ko an kashe, ka kashe jar fitilar da ke walƙiya, ka kashe allon gaba, ka kashe umarnin murya. Wannan ba ƙaramin abu bane, mutane sun bi sawu tun asuba har rana ta take, an zo dab da garke kowa na numfashi a hankali, sai kamararka tayi ƙara garken ya watse, wallahi ranar ba zaka iya haɗa ido da masu bin sawu ba. Idan jikin kamarar ko maɗaurin na sheƙi ka naɗe shi da baƙin tef mara ƙyalli, ka bar gilashin da ramukan makirfo a buɗe.

Ka ɗauka a 4K, ba don gayu ba, sai don idan ka zo tacewa zaka iya yanko tsakiyar hoton ka jawo dabbar kusa bata farfashe ba. Zum ɗin da ke cikin kamarar kansa yankan hoto ne kawai, gara ka yi shi daga baya a kwamfuta ko waya inda zaka zaɓi wurin da kake so. Faɗin ido kuma ka cire shi daga mafi faɗi ka sa a wanda aka rubuta Linear, shine baya lanƙwasa bishiyoyi kuma yana ɗan rage nisan abu. Firem, wato yawan hotunan da take ɗauka a sakan ɗaya, ka sa 50 ko 60 idan rana ta fito, don ka iya rage gudun bidiyon a wurin da abu ya faru da sauri. Da sassafe da kuma dab da magariba ka sauko 25 ko 30, saboda ƙaramar kamara bata son duhu, hoton sai ya cika da yashi yashi kuma na'urar hana girgiza ta riƙa jan hoto, kuma abin haushin shine lokacin ne dabbobi suka fi motsi. Kamarorin da na'urar ɗaukar haskensu ta ɗan fi girma irin Osmo Action 4 da 5 Pro sun ɗan fi jure wannan. Idan zaka ɗauki hira da dare a sansani ƙarƙashin wutar janareto ka zaɓi 25 ko 50, wutar Kamaru da Najeriya da Nijar mai bugu 50 ce, idan ka bar ta a 30 ko 60 zaka iya ganin hasken yana ƙyafta ido a bidiyon. Ka kunna hana girgiza, da daidaita sararin sama idan taka nada shi, shi zai gyara karkacewar kanka lokacin saiti.

Akwai wani abu da GoPro ta kawo tun HERO9 a 2020 mai suna HindSight, DJI ma nada irinsa, kamarar tana riƙe da sakan 15 ko 30 na baya kafin ka danna, wato ko da gwanki ya ɓullo ba zato ka danna a makare zaka samu fitowarsa. Yana da amfani sosai amma yana shan batiri kusan kamar kana ɗauka, don haka kada ka bar shi kunne tun fitowa daga sansani. Ka kunna lokacin da ka ga masu bin sawu sun rage sauri sun daina magana sun koma nuni da hannu. Idan kuma jagora ya ce maka an kusa, danna ɗauka kawai ka manta da ita, ka bar ta tana ci har a gama komai. Memori ne zai cika, shi kuwa ana sayensa.

Zancen memori da batiri lissafi ne mai sauƙi. 4K mai nauyi yana cin kusan giga 45 a awa, kaga kati mai giga 128 bai kai awa 3 ba. Ka sayi masu alamar V30, wato alamar saurin kati, daga wurin da ka yarda da shi don jabu sun cika kasuwa, zai nuna maka 128 a jiki amma da ya wuce wani wuri bidiyon ya ƙi buɗewa. Gara kati huɗu matsakaita da ƙato guda ɗaya, idan ɗaya ya lalace ba tafiyar duka ta tafi ba. Batiri kuma ka lissafa awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi kowanne, ka riƙe uku ko huɗu a aljihun da zaka iya kaiwa ba sai ka sauke jaka ba, ka kashe wayfay da bulutut bayan ka gama saita kusurwa. Fawa bank mai 20,000 ya isa cajin yini guda a mota. Idan ta jirgi zaka bi zuwa Garwa, batura da fawa bank a jakar hannu ake sa su, ba'a yarda a sa su a kayan da ke shiga ƙasan jirgi ba.

Zafi shine babban abokin gabar kamarar a can. Watan Maris da Afrilu zafin yankin Garwa yana haura digiri 40, kamarar kuma baƙa ce tana zaune a goshinka rana na dukanta, tana ɗaukar 4K, sai kawai ta kashe kanta don kada ta ƙone, kuma tunda ka kashe ƙara ba zaka ma sani ba. Shi yasa bana son a bar ta tana ɗauka tun safe babu dalili. Ka ɗauki minti biyu uku ka kashe, idan an tsaya hutawa ka cire ta ka sa a inuwa ka buɗe murfin batirin ta sha iska, kada ka bar ta a kan dashbod. Idan zafin yayi tsanani ka sauko 2.7K ko ka rage firem, hoto mai ɗan sauƙi ya fi babu. Sannan ƙura da tokar ciyawar da aka ƙona, ga gumin goshinka, duk suna taruwa a gilashin, ɗigon gumi ɗaya ya isa ya mayar da bidiyon awa guda hazo. Ka sa ɗan ƙyalle mai laushi a leda cikin aljihu, ka hura ƙurar tukuna kafin ka goge don kada yashi ya kankare gilashin, kuma ka mayar da shi al'ada, duk lokacin da ka sha ruwa ka goge gilashi.

Sauti ma rabin bidiyo ne. Ka liƙa ɗan soso ko gashin nan na tare iska a kan makirfo, in ba haka ba iskar hunturu zata cinye komai sai buuu kawai. Ƙarar harbi ba zata taɓa fita yadda kunnenka ya ji ta ba, makirfon ƙarami ne, zata fito a daƙushe, kada ka damu da wannan. Abin da zaka kula dashi numfashinka ne da bakinka, kamarar na kusa da fuskarka tana ɗaukar duk abin da ka furta.

Toh me zaka ɗauka tunda dabbar nesa take? Anan ne nake ganin kamarar nan tafi kowace kamara. Harbin kansa sakan biyu ne ko uku, amma kafin shi akwai awa biyar ko shida na aikin da yawancin mutane basu taɓa gani ba. Ka matsa kusa lokacin da mai bin sawu ya durƙusa a wurin da dabbobi ke lasar kanwa da asuba, yana zagaye sawu ɗaya da ɗan tsinke yana nuna wa jagora cewa wannan na namiji ne babba, kaga faɗinsa, kaga yadda gefen bai rushe ba alamar bai daɗe da wucewa ba. Ka ɗauki lokacin da ya tura yatsa cikin kashin ɓauna don jin ko da sauran ɗumi, ya ɗago ya kalli sauran ba tare da ya ce uffan ba kowa ya gyara riƙon abin da ke hannunsa. Ka ɗauki ɗan ƙullin tokar da yake girgizawa ya ga inda iska ta nufa, tokar ta tashi siririya ta karkata hagu sai duk layin ya juya ya zagaya. Wannan duk a mita ɗaya ko biyu yake faruwa, daidai inda idon kamararka yafi ƙarfi. Ka ɗauki tsando na bin wuyan mutane, da takalman da suka yi fari da toka, da shayin da ake dafawa kafin fita, da sallar azahar a ƙarƙashin bishiya. Kuma duk abin da zaka ɗauka ka tsayar da kanka ka ƙirga goma a zuci, domin kamarar kai tana bin duk waigen da kayi, idan kana ta juye juye mai kallo jiri zai kama shi. Dabbar da ke nesa kuma ka ɗora wayarka a bakin madubin hangen nesa ka ɗauke ta lokacin da take kiwo hankali kwance, akwai ɗan maƙali da ake sayarwa don haka, sai ka haɗa da na kamarar jiki wajen tacewa.

Da zarar jagora ya kafa sandunan ɗora bindiga, babu sauran zancen kamara. Kada ka kai hannu goshi don duba ko tana ɗauka, kada ka jinkirta ko ka yi gaggawar harbi don hoto ya yi kyau, kada ka ce a matsa kusa saboda bidiyo. Ɓauna da aka yi wa mummunan harbi yana shiga duhuwa ya laɓe ya jira masu binsa, kuma waɗanda ke gaba sune masu bin sawu, mutane masu iyali, ba kai ba. Ita ma dabbar tana da haƙƙin a gama da ita da harbi ɗaya mai kyau ba tare da an wahalar da ita ba. Idan aka shiga bin wanda ya ji rauni ka bar kamarar tana ci a inda take, hannayenka biyu na kan bindiga kunnenka na wurin jagora. Wani amfani da bidiyon ke dashi anan shine idan dabba ta gudu bayan harbi, ana iya tsayawa a duba a waya a hankali a ga inda harsashi ya same ta da yadda ta zabura, wannan yana taimaka wa jagora ya yanke shawarar a bi yanzu ko a ɗan jira.

Bayan dabba ta faɗi kar ka ruga, jagora ne ke fara zuwa ya tabbatar. Wajen yanka da fiɗa zaka iya ɗauka don ajiyarka, amma ba komai ake sawa a intanet ba. YouTube na rage talla ko ya sa iyakar shekaru a bidiyon da jini yayi yawa, Facebook na rufe shi da gargaɗi, TikTok kan sauke shi gaba ɗaya. Bayan dokokinsu ma akwai mutunci, hawa kan gawar dabba ana ihu ko ɗora mata ƙafa abu ne mara kyan gani, kuma tun da wani mafarauci ya kashe wani sanannen zaki mai suna Cecil a Zimbabuwe a 2015 duniya ta sa ido sosai a kan hotunan mafarauta. Ka nuna inda naman ya tafi, yadda aka raba wa ma'aikata da mutanen ƙauyen da ke kusa, yadda ake shanya shi, wannan ɓangare ne na labarin da ake yawan mantawa.

Ka kashe GPS ɗin kamarar idan taka nada shi, na wayar ma haka, kuma kada ka nuna wata alama da za'a gane mashayar dabbobi ko wurin lasar kanwa da ita. A farkon 2012 ɓarayin hauren giwa sun shiga Buba Njida sun kashe ɗaruruwan giwaye, mutanen yankin basu manta ba, saboda haka idan kun ci karo da giwaye kun ɗauke su kada ka rubuta wurin ko ranar. Haka fuskokin masu gadin daji da masu bin sawu, ka tambayi kowa kafin ka saka shi, wanda ya ce baya so ka cire shi ko ka rufe fuskar, shi zai ci gaba da zama a wurin bayan kai ka koma gida.

Kowane dare kafin ka kwanta, lokacin da janareto ke aiki, ka jona batura duka, ka kwafe katin ranar zuwa kwamfuta ko ƙaramar na'urar ajiya ta hard disk, kada ka goge katin sai ka buɗe kwafin ka ga yana tafiya, ka rubuta kwanan wata a ɗan tef ka liƙa masa. Ka kalli minti biyar daga abin da ka ɗauka don ka ga ko kusurwar ta goce ko gilashin ya yi datti, gobe ka gyara. Wajen tacewa kuma ka daure ka yanke, awa shida na tafiya minti takwas zuwa goma ya ishe shi, ka bar sautin daji yadda yake kada ka danne shi da kiɗa, ka rubuta sunayen masu bin sawu a ciki idan sun amince. Kafin ku watse daga sansani ka yanko musu guntayen da suka fito ka tura musu a wayoyinsu ta Xender ko bulutut, saboda sabis a can wahala yake, idan ka ce sai ka koma gida zaka turo da wuya ya iso su.